Saura Goma Sha Ɗaya, Yaya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, aka kira ni a shagon ɗinki aka ce yayana, malamin lissafi, ya cika. Almakashi na hannuna, har yau ban tuna inda na ajiye shi ba.

Yaya, kai ne ba ka yi mini dariya ba ranar da lissafi ya kore ni daga makaranta. Ka kama hannuna ka kai ni wurin tela, ka ce awo ma lissafi ne. Ka yi jinyar Inna wata bakwai, ko tsaki ban ji ka yi ba.

Amma ka tafi ka bar ni cikin duhu. A bangon ɗakinka akwai lambar nan da ka rubuta da alli: biliyan ɗaya da bakwai. Sau nawa ka yi mini bayani ina gyaɗa kai kamar ƙadangare? Ka ce mara ce, ba cika ba, biyu ba ta raba ta, uku ma haka. Kana zargin tana cikin waɗanda kake kira masu taurin kai, waɗanda ba mai raba su daidai sai ɗaya da su kansu. Don ka tabbatar, ka jera ƙananan masu taurin kai dubu uku da ɗari huɗu da ɗaya, kullum da safe ka ɗauki fensir ka gwada raba ta da guda. Shekara tara da 'yan watanni kana abu ɗaya, kullum sai an sami ragowa. Na taɓa ce maka waya za ta faɗa maka kafin ka tashi daga kujera. Ka ce, "Na san ta sani. Ni nake so in sani."

Da muka buɗe littafin lissafinka na ƙarshe, goma sha ɗaya suka rage ba ka gwada ba. Babbar 'yarka ta ɗauko waya tana kuka, ta ce, "Baffa, in duba mu huta?" Mahaifiyarta ta ce a bar masa abinsa. Duk suka zuba mini ido, ni da ban san amfanin lambar ba, ban kuma san abin da za ta ƙara maka a kabari ba. Sai na sa littafin a aljihu.

Jiya na gwada ta farko a bayan takardar awo. Sau uku na yi, na sami amsa uku, kuma wanda zan tambaya ba ya nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba matarka da 'ya'yanka da ɗalibanka haƙuri. Ni kuma, Yaya, na fere fensirinka, gobe da safe zan sake gwadawa.