Maganin Girotas

Duk wanda ya daɗe a Sabo ya san Ya'u mai ɗaurin goro. Idan ya ɗaure huhu a nan Ibadan, har ya isa Kano goron bai yi yaushi ba. Amma ka san halin mutane, ba a tuna hannunsa, fuskarsa ake tunawa. Tun yana saurayi ƙulutan nama suka feso masa, manya da ƙanana, ɗaya har ya rufe masa rabin idon hagu.

Ni Yusha'u, kyamis gare ni a layinsu. Ban taɓa karatun likita ba, amma Dokta yake kirana, ni kuma ban hana shi ba.

Sau ɗaya ya je wani babban asibiti. Aka zaunar da shi, ɗalibai masu fararen riguna suka kewaye shi, ana ta Turanci a kansa kamar bijimi a kasuwar shanu. Wani daga cikinsu ya raɗa wa na kusa da shi wata kalma, ita kaɗai Ya'u ya kama. Ya shigo shagona baki har kunne.

"Dokta, an gano sunan ciwon! Girotas. Saura magani."

Na duba kwalayena, ban ga mai wannan suna ba. Kwana biyu bayan haka wata malamar Turanci daga unguwar Mokola ta zo sayen maganin mura, na tambaye ta. Ta sa na maimaita sau uku, sannan ta rubuta a bayan kwali: grotesque. Ta ce wannan ai ba ciwo ba ne. Kalma ce ta abin da halittarsa ta karkace ta munana, har ka rasa ƙyama za ka ji ko dariya za ka yi. Dodon da ake sassaƙawa da itace ake kira haka, kuma mai tarbiyya ba ya faɗa wa ɗan Adam.

Wallahi da na ga ɗalibin nan a ranar, da sai an raba mu. Ɗan banza! An kawo maka bawan Allah ka koyi aiki a jikinsa, abin da bakinka ya iya ke nan?

Na yaga kwalin. Na ce wa Ya'u maganin na ƙasar waje ne, na yi oda. Shekara goma sha ɗaya ina wannan ƙarya. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya leƙo.

"Dokta, ya iso?"

"Saura kaɗan, Malam Ya'u."

Abin da ya fi cina, alfahari yake da sunan. In sabon direba a tashar Ojoo ya ƙura masa ido, sai ya ce, "Daina kallo, girotas ce, Turawa ma sun san ta." Cewa yake ciwon da aka raɗa wa suna ba ya rasa magani. Ni kuwa tsorona kada wani ɗan boko ya gane abin da yake faɗa. Allah ya rufa asiri, bakinsa ya lanƙwasa kalmar yadda ba mai gane ta.

Bara da azumi ya rasu, zazzaɓi ne ma ya yi ajalinsa. Har yau in takalmi ya tsaya a ƙofar shagona ranar Juma'a, sai na ga kamar shi zai leƙo.

Na zaci an binne maganar tare da shi. Makon jiya 'yarsa Khaulat, 'yar aji huɗu a sakandare, ta shigo. Ta jira sai da mutane suka watse, ta ɗan ja hijabinta, ta nuna min ƙasan kunnenta. Ƙulutai biyu, kowanne bai wuce gyaɗa ba.

"Kawu, irin na Baba ne ko? Na rubuta girotas a waya ta kowace siga, ba ya fitowa. Baba ya ce kai ka san rubutunsa na Turanci."

Na ce mata tsufa ne, na manta.

"Haba Kawu. Shekara nawa kana odar maganin? Me kake rubuta musu?"

Ta ɗauki birona a kan tebur, ta miƙo min, ta tsaya tana jira.