Kawu Hinnerk da Ƙudan Zuma Masu Shuɗin Ɗigo

Ƙarfe bakwai na safe, kafin motar burodi ta shigo ƙauyenmu na Ahlenbostel, Kawu Hinnerk Dammann ya riga ya zauna a bencinsa na bayan gida, kofi a hannu, yana fuskantar amyoyinsa. Ba ya buɗe su, ba ya taɓa su, kallo kawai yake yi da sauraro. Daga yadda ƙudan zuma ke fita ƙofa yake gane amyar da ke jin yunwa, da wadda sarauniyarta ta tsufa, da wadda ke shirin ƙaura. Sai ya gama karanta su tsaf sannan ya miƙe, ya kunna 'yar tukunyar hayaƙinsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Matarsa, Inna Almut, ta ce shekara hamsin da ɗaya ke nan ba ta taɓa ganin ya sha kofin nan da zafinsa ba.

A ƙarshen watan jiya ya ajiye aikin, yana da shekara saba'in da takwas. Gwiwa ta gaji, hannu ya fara rawa. Ni ba mai magana ba ce a cikin mutane, duk ƙauye an san haka, shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Kowa a nan yana da labarinsa game da shi. Malamar firamare ba ta manta ranar da gungun ƙudan zuma ya sauka a kan lilon yara ba. Ya zo a keke da kwandon kaba, babu safar hannu, ya girgiza su ciki kamar mai kaɗe tabarma, yara suna leƙe ta taga suna ihu. Da ya gama sai ya shiga aji ya ba su darasi na minti arba'in, wanda ba wanda ya roƙe shi. Duk wanda ya fara kiwon zuma a yankin nan, amyarsa ta farko daga lambun Hinnerk ta fito, haɗe da faɗa kyauta. Kai ne uban masu zuma na ƙauyuka bakwai, Kawu, ko da yake na san za ka ce shida ne.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami labari ɗaya ne, kuma a gabana aka yi shi.

Shekara goma da suka wuce aka kafa dogon ƙarfen sabis na waya a kan tudun da ke bayan coci, a filin ƙauye. A lokacin sanyin da ya biyo baya, amya sha tara cikin talatin na Kawu suka mutu. Ya ce ƙarfen ne. Ya ce siginar da ke fita daga jikinsa tana rikita ƙudan zuma, su kasa gane hanyar gida. Ba shi kaɗai ke wannan zargi ba, masana ma suna ta bincike a kai, wasu sun ce sun ga alama, wasu sun ce ba su gani ba. Shekara shida ya yi yana bi gida-gida da takarda ana sa hannu don a cire ƙarfen.

Babban abokin hamayyarsa shi ne Detlef Eggers, shugaban 'yan kwana-kwanan sa-kai na ƙauye. Mahaifiyar Detlef ta haura tamanin, tana zaune ita kaɗai da ɗan maɓallin neman agaji a wuya, wanda ba ya aiki sai da sabis. Kullum shi da Kawu suka haɗu a gaban shago sai sun taɓa.

"Kawu, ina kwana? Yau ƙudajenka sun samu sabis kuwa?"

"Lafiya lau, yaro. Ko babu sabis sun fi ka sanin hanyar gida ranar Asabar da yamma."

A shekara ta shida wa'adin filin ya ƙare. Aka sa ranar taro, wata Alhamis a watan Mayu, don a kaɗa ƙuri'a: ko a sabunta wa kamfanin izini, ko a tumɓuke ƙarfen. Ƙauye ya rabu kusan biyu daidai.

A daidai lokacin na dawo gida daga jami'a, ina neman abin da zan yi binciken kammala digiri na biyu a kai. Na zaɓi wannan maganar. Kawu yana asibiti ana yi masa aikin gwiwa, na je gaishe shi, na roƙi aron amya huɗu. Maganin barci bai gama sakinsa ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗauki, Farfesa, ki kama mini ƙarfen nan." Tun ina 'yar aji uku yake kirana Farfesa, saboda tabarau.

Na yi komai yadda aka koya mini. Na ɗiga shuɗin fenti a bayan ƙudan zuma ɗari biyu masu fita kiwo. Da sassafe na toshe ƙofofin amya huɗun, na ɗora su a 'yar tirelar da ƙaramar mota ke ja, na kai su gindin ƙarfen, tafiyar kilomita ɗaya da rabi daga lambun. Na zauna da littafina. Rana ta farko suka fita, kaɗan suka dawo. Rana ta uku, cikin ɗari biyu, goma sha ɗaya kawai na gani. Na gaya wa mahaifiyata, ita kuma ta gaya wa mai shago, kafin la'asar duk ƙauye ya ji cewa ni, Wiebke 'yar jami'a, na kama ƙarfe dumu-dumu. Mutanen da ba su yanke shawara ba suka fara komawa ɓangaren Kawu. Detlef ya daina gaishe ni.

Ranar Laraba aka sallamo Kawu. Abin da ya biyo baya, Inna Almut ce ta ba ni labari. Ta ce ko rigar asibiti bai canza ba, ya dogara sanduna biyu ya tafi bencinsa. Ya ƙare wa amyoyin kallo, sannan ya kira ta.

"Almut, zo ki ara mini idonki. Me kika gani a ƙofar amya ta biyar?"

Ta duba. Ƙudan zuma ne ke shiga da fita, wasunsu da shuɗin ɗigo a baya.

Ga abin da ban sani ba, kuma duk mai kiwon zuma ya sani tun shekararsa ta farko. Ƙudan zuma sun haddace wurin gidansu. In za ka matsar da amya, ko dai ka matsar da ita taku biyu ko uku, ko kuma ka kai ta nesa fiye da kilomita biyar, inda ba su san ƙasar ba. In ka kai ta tsakanin haka, da sun tashi sama suka hango coci da itatuwan da suka saba, sai su miƙe zuwa tsohon wurin. Nawa ba ɓata suka yi ba. Gida suka koma, da ba su tarar da amyarsu ba suka shige ta maƙwabta, aka kuma karɓe su tunda sun zo da ruwan fure.

Inna Almut ta ce ta dube shi ta ce, "To, tsoho, daga ni sai kai muka gani. Gobe ne taro. Shekara shida kana cinye mini takalma a kan ƙarfen nan. In ka yi shiru zuwa jibi, wa zai sani?" Ta rantse mini gwada shi take yi. Na yarda da ita, rabi da rabi.

Ya ce, "Su za su sani." Ya nuna amyoyin da sanda. "Kuma uwar Detlef fa? In ta faɗi a banɗaki ta danna maɓalli shiru, in ce mata me? In ce ai shuɗin ɗigo ne?"

Kai ne ka riƙe nasara a tafin hannunka, Kawu, ka juya ta ka ga ba taka ba ce, ka ajiye.

Da safiyar Alhamis ya aika aka kira ni. Ya zaunar da ni a benci, Inna Almut ta kawo kofi da kek mai man shanu, ya ce, "Farfesa, ki gyara tabarau ki dubi ta biyar." Na duba. Ɗaya ta sauka, ɗigo a bayanta, fentin da na shafa da hannuna. Ta biyu ta sauka. Ban san lokacin da hawaye ya zo ba.

"A'a, kada ki jiƙa mini kek," in ji shi. "Ni a shekarata ta farko amya takwas na kwashe zuwa gonar mahaifin Almut. Washegari suka dawo lambuna suka taru a kan kekensa da ya jingine a wurin. Saura kaɗan a fasa auren."

"Ai da an fasa na huta," in ji Inna Almut daga taga.

Na ce zan koma jami'a a jirgin ƙasa na rana, ya gaya wa taro da kansa. Ya girgiza kai. "Ke kika gano sun ɓata, ke za ki ce an gan su. Ni dai zan tsaya kusa da ke, in kin faɗi mu faɗi tare, don ni ma ba ƙafa gare ni ba."

Zauren 'yan kwana-kwana ya cika maƙil. Na miƙe, muryata ba ta kai layi na uku ba, wani ya ce a ɗaga murya. Kawu ya buga sanda a ƙasa, aka yi tsit. Na faɗi abin da ya faru, daga fenti har amya ta biyar. Da na gama, ya ce, "Rabin laifin nawa ne, na ba da aro ban ba da bayani ba. Har gobe ba na son ƙarfen nan. Amma ƙudan zuman da suka tashi daga gindinsa suka miƙe gidana ba tare da kuskure ba, ba zan iya kawo su shaida cewa ya rikita su ba."

Detlef ne ya fara dariya, har yana riƙe ciki. "Kawu! Ashe shaidunka ni suka yi wa shaida?"

"Rufe mini baki, yaro. Ko agogon da ya tsaya yakan yi daidai sau biyu a rana... kai, bar shi ma. Zauna."

Zaure ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, har masu sa hannu a takardarsa, ko da yake biyu daga cikinsu sun yi wata guda ba sa amsa gaisuwarsa. Aka kaɗa ƙuri'a, aka bar ƙarfen. Amma kafin a tashi Detlef ya ɗaga hannu ya ce shi ma yana so ya san gaskiyar maganar, a yi gwajin yadda ya kamata, motarsa tana nan.

Shekara uku muka yi. Aka kawo amyoyi daga nesa, rabi a gindin ƙarfe, rabi a wani kwari cikin daji inda waya ba ta kamawa sam. Kawu ya zauna a kujerar ninkewa da gwiwar ƙarfe, yana kallon ƙofofi, ina rubutawa. Shekara ta farko na kwari suka ɗan fi, ya yi ta murmushi. Ta biyu na gindin ƙarfe suka fi, ya ce iska ce. Ta uku ba mu ga bambancin da za mu iya rantsuwa a kai ba. Haka na rubuta, kuma shi ya hana ni ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da muka gani. Amya goma sha biyu a ƙauye ɗaya ba su isa su rufe maganar duniya ba. In ka tambaye shi yau, cewa zai yi, "Ban wanke shi ba, ban kuma kama shi ba."

Sai dai zaman kallon ya nuna mana abin da ba mu je nema ba. A wuraren biyu, wata 'yar jar kaska da ke tsotsar ƙudan zuma tana cin su, kuma da furen gonaki ya kaɗe a watan Yuni, yunwa suke yi har sai furen daji ya buɗe a Agusta. Kawu ya ɗauko tsohuwar jakarsa ta takardu, ya sake bin gida-gida, wannan karon da irin furanni a ciki. Yanzu duk gefen gona a Ahlenbostel fure ne, har gindin ƙarfen. Amyoyinsa sun kai talatin da huɗu.

Ranar da ya ajiye aiki, ya bi al'adar kakanninmu, wadda ta ce in gida ya canza hannu dole a gaya wa ƙudan zuma. Ya ɗauki makullin gida, ya ƙwanƙwasa kowace amya sau uku, ya sanar da ita sabon mai ita. Goma ya ba Detlef. "Ga yaron nan, ku yi haƙuri da shi, in ya yi surutu ku harbe shi." Da ya zo kan ta biyar, ya ƙwanƙwasa ya ce, "Ke kuma Farfesa ce za ta riƙe ki. In ta sake kwashe ku, kun dai san hanya." Inna Almut tana ɗaukar hoto da wayarta, ta tura wa 'yarsu da ke aure a ƙasar waje, amsa ta dawo nan take. Kawu ya leƙa, ya ga jikarsa tana ɗaga masa hannu, ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen da ke kan tudun bayan coci, ya ce, "To. Wannan dai kada a gaya wa ƙudan zuma."

Mun gode, Kawu Hinnerk. Na gode da ka bar ni na gani da idona, na kuma faɗa da bakina. Ku kuma da ke karantawa, kowannenmu yana da ƙarfen da yake so a tumɓuke, kuma wata rana shaidar da ba ma so za ta sauka a ƙofar gidanmu, babu mai gani sai mu. Ranar nan ku tuna da tsohon da ya zauna a benci da sanduna biyu, ana gobe taro, ya ga shuɗin ɗigo, ya kira matarsa ta zo ta gani.