Mai Ƙona Kabon

Shekara goma sha tara Malam Muntaka ya yi yana buga tafireta a ofishin wata ƙungiyar manoma a Karaye, ba a taɓa jin maganar ofis a bakinsa ba. Duk takardar da ya buga, sai ya zaga bayan ɗaki ya ƙyasta ashana ya ƙona kabon ɗin, baƙar takardar nan da ke fitar da kwafi, ya murje tokar da takalmi. Makullin kabad ɗin takardu a wuyansa yake kwana. Ko matarsa ta tambaye shi me ake ciki, amsar ɗaya ce: "Ana nan dai." Da wannan yake taƙama, kuma ya cancanta.

A shekarar 1998 aka kawo kwamfuta da janareta, aka ɗauki Lauratu, 'yar Ruwan Bago da ta koyo aikin a Kano. Aka sa mata labule da fanka, shi kuwa aka tura teburinsa bakin ƙofa. Kishi ya kama Muntaka. Yarinyar ba ta yi masa komai ba. Kullum sai ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana?" Ladabin ma haushi yake ba shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne jin shugaban ƙungiya, Alhaji Bappa, yana gaya wa baƙi wai injin nan, wato kwamfutar, ba mai buɗe shi sai wanda ya san kalmar sirri. To shi da ya tsufa yana haɗiye magana fa, wa ya taɓa nuna shi ga baƙo?

Ran nan aka ji mutanen ƙauyen Jajaye suna faɗin waɗanda za a ba sabon irin masara, alhali ba a liƙa sunaye ba. Wataƙila kirdado ne kawai. Muntaka dai bai tsaya bincike ba.

"Ranka ya daɗe, an shiga injin nan," ya ce wa Alhaji Bappa.

"Wa ya shiga, Malam?"

"Lauratu za a tambaya. Ta nuna mana ba a shiga ba."

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Ta yaya za ta nuna abin da bai faru ba? Kai ka ce an shiga, kai za ka kawo shaida."

Da ya yi shiru a nan, da ya tsira. Amma wata huɗu ke nan yana satar kallon hannun Lauratu daga bakin ƙofa, kuma tsohon mai tafireta yana karanta yatsu kamar rubutu. Ya ja kujerarta ya zauna, ya danna haruffa tara, sunan ƙauyen su Lauratu. Injin ya buɗe, sunayen manoma suka fito reras.

Ya waiwayo fuska cike da murna. "To ga shi."

Lauratu ta sunkuyar da kai.

"Lalle ana iya shiga, Malam," in ji Alhaji a hankali. "Mun kuma ga mai iyawa."

Muntaka ya rantse bai taɓa kusantar injin ba sai yau, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ta yaya zai nuna abin da bai faru ba?

Ba a kore shi ba, makullin kawai aka karɓa. Bayan sati biyu ya ɗaure tafiretarsa a bayan keke ya koma Rogo, yana buga wa mutane wasiƙa ranar kasuwa. Ko ta gaisuwa ce, sai ya ƙona kabon a gaban mai ita. Igiyar makullin tana nan a wuyansa, ba komai a jikinta.