Abin da Aka Bar wa Badaru Ya Ci

Shekara arba'in da 'yan kai Malam Badaru ya yi yana fawa. A garin Ƙofa aka haife shi, wajen kawunsa ya koyi riƙon wuƙa, kuma har ƙarfinsa ya fara ja da baya kullum sai ya bi mota zuwa Kankia ya kasa nama a bakin titi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya son doguwar magana, kunnensa na hagu kuma ya daɗe da yin nauyi. Ko bayan ya bar kasuwa, in babbar Salla ta zo shi ke feɗe ragunan unguwa, kowane gida a sallame shi da hanta ko ƙoda.

Ana saura sati biyu Sallar bara, jiri ya ɗebe shi yana shukar gyaɗa. Ɗiyarsa Jannat ta kai shi wani ƙaramin asibiti a Kankia. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna shi, Prudence, 'yar kudu ce da ta daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinta. Ta ce jininsa ya hau, suga ma ya fara leƙowa. Ta ba shi magani, ta yi bayani mai tsawo a kan gishiri da kitse da zaƙi, amma ta gefen hagunsa ta tsaya. Ya yi ta gyaɗa kai don kada a ce ya raina ta.

A gida al'amarin ya dagule. Matarsa Halima ta janye gishiri daga miyarsa ɗungurungum, ta haɗa da daddawa da man gyaɗa don a huta. Jannat ta ce ta gani a waya cewa tuwon masara da shinkafa su ne abokan suga. Ɗansa Kabir ya kira daga Kano, ya ce wani abokinsa ya tabbatar masa nama ba ya komai, hatsi ne matsala. Kashegari ya sake kira ya ce a'a, jan nama shi ne babban laifi. Hassana mai kawo musu nono ta ce ya riƙe fura, ai ita ta kai kakanta shekara ɗari. Jannat ta ce fura gero ce, gero kuma hatsi ne.

Badaru sai ya zauna gaban kwano yana kallonsa kamar baƙon da bai san sunansa ba. In ya kai loma baki ya tuna wanda ya hana, in ya ajiye ya tuna wanda ya ce a ci. Abin da ya fi ɗaure masa kai, duk masoyansa ne, ba mai nufinsa da sharri. Wata rana da hantsi ya dubi Halima ya ce, "Wai shin ruwa fa, shi ma an hana?" Ta ce bari Jannat ta dawo a tambaye ta.

Ranar Salla ya haɗiyi maganinsa, ya kora da ruwan dafaffen zogale, ya tafi idi. Da aka sauko ya kama aiki. Rago bakwai ya feɗe, ƙanshin suya na tashi daga kowane zaure, ana miƙo masa hanta yana kau da kai. A na takwas ne wuƙa ta faɗi daga hannunsa, ya zauna daɓas yana gumi, mutane suna rabuwa biyu-biyu a idonsa.

Aka sake kai shi Kankia. Prudence ce a bakin aiki, don duk Salla ita ke tsayawa abokan aikinta Musulmi su je gida. Ta tambayi abin da ya ci. Jannat ta fara lissafa abubuwan da aka hana shi, har ta kai ga fura. Prudence ta dafe kai. Wannan karon ta zagayo ta damansa.

"Baba, ragewa na ce, ba dainawa ba. Yunwa ce ta kayar da kai."

Ta sa aka kawo masa kunu, ta jira ya sha. Sannan ta ce ya ci tuwonsa malmala ɗaya da miyar ganye mai yawa, gishiri ɗan kaɗan, kada ya tsallake abinci, kada ya bar magani. Nama kuwa ya ci mara kitse, dafaffe ya fi soyayye, gwargwadon tafin hannu. Ta buɗe nata ta nuna masa.

Badaru ya dubi ɗan tafinta, ya buɗe nasa, wanda ya kusa biyunsa.

"To ɗiyata, na wa za a auna da shi?"

Ta yi dariya, kafin ta amsa aka kira ta ɗakin haihuwa, har suka tafi ba ta fito ba. Ya so komawa ya tambaya, kunya ta hana shi. Jiri dai bai sake ɗaukarsa ba, ya ƙarasa shukarsa. Har yau da tafin Halima ake auna masa nama, sai ranar Juma'a, da yake miƙa nasa.