Ranar da Chundung Ta Yi Shiru a Dajin Epping

Labarin da ya fara isa Bukuru shi ne wai Chundung ɗinmu ta gano zinariya a wani dajin Turawa, tana kwasowa a daro kamar mai tallar gyaɗa. Kafin ya kai Vom an ƙara masa gishiri, wai har an ba ta Bature mai rakiya da kare. Wata gwaggonmu ma ta fara zagaya unguwa tana duba filin da za a gina bene.

To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Daro gaskiya ne, Bature da karensa ma gaskiya ne. Amma abin da ke cikin daron naman kaza ne, wannan dai da ke tsirowa a gindin itace in an yi ruwa.

Chundung 'yar kawuna ce, abokiyar wasana. An ce ranar da aka haife ta, ita ta fara yi wa ungozoma sannu da aiki, kuma tun daga nan bakinta bai huta ba. A shekarun da kuɗin mai ya bugi gwamnati tana rabon karatu kamar goro, aka tura mijinta Dung Landan ya karanci injiniyan ma'adinai. Ta biyo shi da 'yarsu Eunice da daronta da buhun acha. Suka kama ɗaki a Peckham, saman shagon wani mai gyaran takalmi, ita kuma ta sami aiki a gidan wanki da guga.

Karatu bai gagari Dung ba, abinci ne ya gagare shi. Ya rame har sai da mai gyaran takalmin ya ƙara wa bel ɗinsa huda. In iska ta taso, Chundung kan riƙe masa kwat kada a tsince shi a Faransa. Wata rana da damina, lokacin da su can suke kira "sama" da Turancinsu, ya sauko da akwati daga kan wadirof.

"Maman Eunice, ni gida zan koma. Ko a mafarki miyar naman kazan tsohuwata nake gani."

"Haba Maigida, shekara ɗaya fa ta rage!"

"Gawa ce za ta karɓi satifiket ɗin?"

A wurin aikinta akwai wata tsohuwa 'yar Poland wadda ta san daji. Ita ta taɓa kai Chundung Epping, can ƙarshen layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta nuna mata wani iri mai launin gwaiduwa, baki a buɗe kamar ƙaho, wanda Turawa ke kira shantarel. Ta kuma nuna mata masu kama da shi waɗanda ke aika mutum lahira. Sai dai a ranar ba su samu na kirki ba.

Da aka kwana ana ruwa, Chundung ta bar Eunice wajen ubanta, ta ɗauki daro ta koma ita kaɗai. Ta yi ta ratsa daji, zaninta ya jiƙe sharkaf, takalminta ya cika da laka. Can a wani kwari, ƙarƙashin dogayen itatuwa, ta ɗaga ganyayen da suka zube da ƙafa, sai ga su nan rawaya fal cikin gansakuka. Ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, sai ta tuna kakarmu.

A gidanmu akwai doka. Wadda ta tsinci wurin naman kaza ba ta magana da kowa sai ta taka bakin ƙofarta, in ba haka ba wurin ya ji haushi, ya daina fitarwa har abada. Kuma Dung ba miyar rana ɗaya yake bukata ba. Chundung ta haɗiye guɗar nan, ta durƙusa ta cika daro, ta bar ƙananan su girma.

Tana fitowa ta yi kiciɓis da wani dattijon Bature da karensa, wanda daga baya muka san sunansa Bernard. Ya leƙa daron, ya tambaye ta ko ta san abin da ta ɗebo. Ta gyaɗa kai. Ya ce to mene ne sunansa? Ta nuna bakinta, ta girgiza kai.

Nan fa mutumin ya rikice. Ya ɗauka ta ci mai guba ne harshe ya mutu. Ya kama gefen daron zai zubar, yana nuna hanyar asibiti. Chundung ta riƙe gam. In ta yi magana wurin ya mutu, in ta saki daro Dung ya hau jirgi. Maganganu suka taru mata a wuya har kumatunta suka kumbura, Bernard kuwa ya ce ai ga shi nan, gubar ta fara aiki.

Sai ta fizge daron ta ɗora a ka, ta ɗaure zani, ta kama rawar gida a tsakiyar daji don ya ga lafiyarta ƙalau. Ƙasa na girgiza, kare na haushi, ko ɗaya bai faɗo daga daron ba. Bernard ya cire hula ya sosa kai. Bai taɓa ganin guba mai sa rawa ba, amma ya ƙi barinta. Haka ya biyo ta cikin jirgi da bas har Peckham, yana leƙen fuskarta yana jiran ta faɗi.

Tana taka bakin ƙofa, abin ya ɓalle. Ta yi da Birom, ta yi da Hausa, ta juya Turanci, har kare ya shige ƙarƙashin tebur. Dung ne ya yi wa baƙon bayani. Bernard ya yi dariya har da hawaye, ya zauna aka yi miyar naman kazan, aka tuƙa tuwon acha har da shi. Dung ya ci, ya ƙara, ya lashe kwano, sannan ya tashi ba wanda ya ce masa kome ya mayar da akwati kan wadirof. Wurin nan kuwa ya ci gaba da ba ta har Dung ya gama karatunsa.

Da suka dawo gida na je yi musu barka. Na ce, "Yaya, ashe maganinki sauƙi gare shi. Bari mu shuka naman kaza a tsakar gida, unguwa ta samu barci."

Ko ɗaga kai ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba. Ta ce, "Ni shirun wuni ɗaya na yi, na fitar da injiniya. Kai da kake surutu tun haihuwa, ko aji huɗu ba ka fita ba."