Kwaɗo Mai Yashi da Kogin da Ya Ci Gidansa

Haihuwa

An haife shi a shekarar 1956, a wani gari da ke gaɓar kogi. Mahaifinsa mai fito ne, mahaifiyarsa kuwa maginiyar tukwane. Saboda daɗewarsa a ƙarƙashin ruwa tun yana ƙarami, kakarsa ta laƙaba masa Kwaɗo, sunan da ya bi shi har furfura.

Sana'a da aure

Bayan ya kammala firamare a 1970, ya kama sana'ar yashi: ya nutsa da bokiti, ya cika kwalekwale, masu tifa su kwashe. A zamanin, duk ramin da aka haƙa da rani, damina kan cike shi da sabon yashi, har mahaƙa kan ce kogi rumbu ne marar gindi. A 1980 ya auri 'yar maƙerin unguwarsu, ya gina gidan da gonaki suka raba shi da ruwa.

Sauyin kogi

A 1988 aka gina madatsar ruwa a can sama, yashi ya daina gangarowa, mahaƙa kuma ba su daina haƙa ba. Damina ma ta sauya hali, ta riƙa juye ruwan wata guda a yini ɗaya. Kogin da aka hana wa yashi sai ya juya yana cin gaɓarsa.

Shi ya fara ganin al'amarin, kasancewar shi ke nutso: ƙarƙashin gaɓa ya zama kogo, saiwoyin itatuwa na reto cikin duhu. Ya isa gida ya ce wa matarsa:

"Uwar yara, wallahi a kan ɓawon ƙwai muke kwana."

"To ina za mu, maigida? Ga iyayenmu nan kwance a makabarta."

Ya bar nutso, amma gonakin suka ci gaba da ruftawa ɗaya bayan ɗaya. A daminar 1999, da hantsi, yana dawowa daga kasuwa, ya ji wata ƙara kamar aradu. Gaɓa ta tsage ta tafi da rabin gidansa, alhali matarsa da autarsu suna shanya a tsakar gida. Masunta suka ciro yarinyar da rai. Uwar kuwa ba a same ta ba.

Ƙarshen rayuwa

Daga baya ya koma gidan babban ɗansa a kan tudu, amma fargaba ba ta sake shi ba. Faɗuwar kwano kan sa shi zabura, kuma da zarar hadari ya haɗu sai ya kara kunnensa a ƙasa, jikoki na dariya.

Ya rasu a 2017 bayan gajeriyar jinya. Shi aka fara binnewa a sabuwar makabarta, domin a lokacin kogi ya riga ya shiga tsohuwar.

Ya bar 'ya'ya huɗu: babban, direban tifa, mai bi masa, tela, ta uku, ungozoma, sai autar, malamar makaranta, wadda har yau ba ta haye gada da ido buɗe.