Babban kati da fankar Auta

Autanmu shi ya haɗa kwamfutarsa da hannunsa, guntu-guntu, tun yana makarantar koyon zanen gini. Baƙin akwati ce mai gilashi a gefe, kana hango hanjinta. Da ita yake zana wa mutane gidaje daga Kankia har Kusada, kuma ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. Nakan ce masa ita ce matarsa, tunda ya ƙi kawo mana ta gaske.

A hanyar dawowa daga Kusada, inda ya je duba wani gini, motar itace ta banke shi a kan babur. Ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu. Aka dawo mana da shi, aka kwantar a ɗakinsa na soro. Mutane suka yi ta tururuwa, kowa ya leƙo ya langaɓar da kai ya ce sannu. Tun yana amsawa har ya daina, ya juya fuska bango. A lokacin nan na tsani kalmar sannu, har yau ban gama shiri da ita ba.

Ma'aikacin jinyar da ke zuwa duba shi ya ja mana kunne: a riƙa juya shi, kuma kada a bar zufa ta zauna masa a baya, don gyambon kwanciya in ya kama mutum ba ya sakin sa da wasa. Ga bazara ta kunno kai. Wutar layi kuwa a unguwarmu baƙuwa ce, sai ta ga dama. Abin da muke da shi 'yar sola ce a kan rufi, da batir, da fankar sama a ɗakin Auta. Fankar nan ita ce tsakanin bayansa da gyambo.

Wata rana na dawo daga makarantar da nake koyarwa, ina gyara masa matashi, sai na ji ya ce, "Yaya, katin ga ya tsuhwa."

Na ɗauka katin asibiti yake nufi. Ashe katin hoto ne na cikin kwamfuta, wanda ke ɗaukar zane ya fito da gida kamar an ɗauke shi da kamara, har da inuwa da ƙyallin tagogi. Wani ɗan kasuwa daga Kafin Soli ya aiko yana son a zana masa bene, kuma ya ce sai ya ga hoton gidan kafin a sa harsashi. Tsohon katin yakan kama aikin ya yi ta nishi, ya mace a tsakiya. Ban fahimci rabin bayanin ba. Abin da na fahimta shi ne ƙanena yana magana, har yana ɗaga hannu.

Aka sayar da abin da ya rage na babur, na ɗora da nawa, na hau mota zuwa Katsina. Mai shagon ya ajiye mini biyu a kan kanta. Ɗaya siriri ne mai fanka guda, ba ya cin wuta, ba ya zafi, sai dai aikinsa a hankali. Ɗayan kuwa kamar bulo, fankoki uku a jere. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, akwai wuta gidanku kuwa?" Na yi dariyar da ba ta daɗi ba ce, na kira Auta, na haska masa su ta waya.

"Babban za ki ɗauko," in ji shi.

"Auta, mai shago ya ce wanga shina cin wuta kamar dutsin guga."

"Na sani."

"To hwankarka hwa? Batirin ba shi ɗaukar su biyu."

"Ƙaramin ba shi iya benen ga, Yaya. Mutumin ba shi jira na."

Raina ya ɓaci. Na manta ina gaban mutane, na hau shi da faɗa, na ce shi da bayansa zai yi wasa saboda gidan wani. Ya bar ni na gama tas. Sannan ya ce, "Yaya, bayana ba ni jin shi. Kaina nike ji."

Mai shago ya kawar da kai kamar yana neman wani abu a ƙasan kanta. Na ce ya naɗe mini babban.

A kan cikinsa muka ɗora akwatin muka sa katin, shi da umarni, ni da sukundireba. Ya ce hannuna kamar na mai kirɓa sakwara, na ce ya tashi ya yi da kansa. Maganar ta kuɓuce mini, na daskare. Shi kuwa ya fashe da dariya, dariyar da ban ji ba tun kafin hatsarin.

Katin ya yi aiki, ba ƙarya. Amma abin da mai shago ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Idan katin ya kama aiki, iska mai zafi ce ke fitowa ta bayan akwatin, ɗakin ya koma kamar gidan burodi. Wutar da ya kamata ta cika batir da rana shi ke shanye ta, kafin isha'i fanka ta tsaya. Sai Auta ya fito da dabara: a kashe fanka da rana, don a samu ta kwana. Makunnin yana jikin bango kusa da ƙofa, hannunsa ba ya kaiwa.

"Yaya, kashe hwanka."

Inna, mahaifiyarmu, ta ce wallahi ba da hannunta ba. Ni nake kashewa. Ita kuma ta jawo kujera 'yar tsugunne, ta zauna da mafici tana yi masa fifita daga azahar har la'asar, tana sauya hannu, tana harara ta. Tsohuwa ce, ƙarfinta nawa yake? Zanin gadon kullum sharkaf muke cire shi.

Ranar da ɗan kasuwar ya zo ganin benensa ina tsakar gida, na jiyo hayaniya. Mutumin ko sannu bai ce ba. Cewa yake matakalar ta cinye masa falo, Auta na cewa in aka matse ta tsofaffi ba su iya hawa. Mutumin ya kira shi Injiniya, ya kira shi mai taurin kai, ya ce in ba a gyara ba zai kai aikinsa wani wuri. Suka yi ta yi kamar za su cinye juna. Da ya tafi na shiga, na tarar da Auta yana haki, idonsa na ƙyalli. Ya ce, "Kin ji yadda ya zage ni?" Ya cinye tuwonsa tas a ranar, har ya nemi ƙari.

A makon ne, ina juya shi, na ga wurin. Da farko ja ne kawai a ƙasan baya, faɗin tafin hannu. Na gaya masa, ya ce saura kaɗan ya gama. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi rantsuwar zan zare katin in jefa rijiya. Ya ce in zare, ba ya iya hana ni. Wannan maganar ce ta hana ni. Washegari da ya ce in kashe fanka, na kashe.

Ya gama zanen benen. Wani ya gani ya kawo nasa aikin daga Tafashiya, Auta ya karɓa. Kafin ya kai rabi wurin ya fashe, wari ya fara riga mu zuwa ƙofar soro, zazzaɓi ya rufe shi. Muka kai shi asibiti a Katsina, suka ce ciwon ya shiga jini. Bai ga ruwan farko na shekarar ba.

Bayan an watse zaman makoki, ina wanke kwanuka a bakin rijiya, Inna ta zo ta tsaya a kaina.

"Ƙaramin nan da aka ce ba shi cin wuta, da gaske akwai shi shagon?"

"Akwai, Inna."

"Kin gan shi da idonki?"

"Har na riƙe shi."

"Kika baro shi."

"Na baro shi."

Ta juya ta shige ɗaki. Har ta rasu ba ta sake tayar mini da maganar ba, ni kuma ban taɓa ba ta haƙuri ba.